Ramar Inna a Saman Bene

Asabar, 24 ga Fabrairu 2024

Sanyi ya fara saki. Na sauko da kwalbar irin rama daga saman kabad, na juye a faranti na hure ƙaiƙayin. Har yanzu hannuna susa nake. Bana bai kai na bara yawa ba, amma ƙwayar ta cika.

Maigidana Abu Walid ya zo wucewa ya ce, "Manomiyar unguwar Al-Sih ta fito ke nan." Shekara talatin da wani abu muna tare yana wannan maganar, kuma duk shekara shi kaɗai yake dariyarta. Mutumin da a nan Madina aka haife shi, kakanninsa ne suka tako daga Katsina da ƙafa, bai san wata gona ba in ba ta dabino ba. Amma in an yi kwaɗon rama shi ne mai neman ƙari.

Irin Inna ne. A bakin zani ta ƙulla mini ranar da zan bar garinmu, can bayan Ringim, in taho gidan miji. Jar rama mai tsami. Aibinta ɗaya, irin ba ya jure ajiya, in ya wuce shekara bai ga ƙasa ba ya mutu. Don haka ko ina ciwo ko ina jego ban taɓa tsallake shuka ba. Rabin durom biyar da tsohon bahon wanka ɗaya a saman bene, su ne gonar tawa.

Talata, 27 ga Fabrairu

Yau na ga abin mamaki. Sundus ta hau saman bene da ƙafarta. Autata, shekarar ƙarshe a jami'a, rabon da in gan ta a can tun tana firamare. Ta tsaya kan busassun karan bara da na jingina a bango, ta ja ɓawon ɗaya, ya biyo ta tun daga gindi har sama bai tsinke ba. Sai ihu, "Ummi! Esh hada?" Na ce rama ce mana, wadda kike toshe hanci in an dafa.

Ta zauna a kan bulo ta yi mini bayani, ita tana Larabci ni ina Hausa, yadda muka saba. Aikin kammala karatunta, abin da take kira mashru'u, wai allo za ta yi da zaren tsiro, irin wanda ake sawa cikin bango ya tare zafi. A ƙasashen waje da wani tsiro ake yi, ƙinnab. Ta nuna mini hotonsa a waya na dafe ƙirji, ganyen wiwi ne ƙiri-ƙiri. Na ce a'uzu billahi, a garin Manzo? Ta yi dariya har da hawaye. Wai ɗan'uwansa ne da ba ya bugarwa, don zarensa kawai ake noma shi. Igiya, yadi, takarda, allon gini, kuma in abin ya tsufa ya ruɓe ya koma ƙasa, ba kamar roba ba. Duk da haka a nan ba a yarda a shuka shi ba, shi ne dukturar da ke duba aikinta ta ce ta nemi wani tsiron da zarensa zai yi aiki iri ɗaya. Wata biyu tana bin wani abu wai shi til a intanet, ashe yana bisa kanta.

Ta ce in ba ta iri. Na ce zan yi tunani. Ƙarya nake, tun tana jan ɓawon nan na riga na ba ta.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Na kwanta da rana barci ya ƙi zuwa, Baffa nake ta tunawa. A gefen fadama yake shuka tasa ramar, mu mata ba ma zuwa can. Tamu ta bayan ɗaki ce, ta miya da kwaɗo. Abin da na sani, bayan damina yakan sare ta, ya ɗaure dami-dami ya danne da duwatsu a kududdufi. Wari! Har cikin gida iska take kawo shi, Inna tana tsaki tana rufe tukunya.

Daga nan sai zaman gindin tsamiya. Ya naɗe wando yana tufka a kan ƙwauri, gashin wurin duk ya ƙare, fatar ta yi sumul. Igiyar guga, ta ɗaure awaki, ta ɗaurin jinka, har ta shanyar Inna, duk daga ƙafar nan suka fito. In igiya ta tsufa a jefa ta bola, damina ta cinye ta, a kwashe da taki a kai gona. Ni aikina in riƙe masa bakin igiyar, in na gaji in saki in gudu, ya bi ni da "'yar nema!" Allah ya jiƙan Baffa. Na yi kewarsa yau ƙwarai.

Asabar, 2 ga Maris

Mun shuka. Na raba irin biyu, rabi ya koma kwalba. Sai da muka yi 'yar rigima, ni ina ba da tazara, ita tana watsawa cunkus. Wai so take su yi ta rige-rigen neman rana su miƙe. Na ce haka littafin ya ce? Ta ce, "Aiwa." Na ƙyale ta.

Ta roƙe ni in riƙa ban ruwa in ta tafi jami'a, in kuma lura da su. Lura da rama kuma ai ba sai an koya mini ba.

Laraba, 20 ga Maris

Azumi goma. Sun fito gaba ɗaya, jajayen ƙafafu sirara. A Harami muka sha ruwa, cunkoso har na rasa takalmi ɗaya.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Safiyyatu ta zo gaisuwar sallar da ba ta samu yi ba. 'Yar Maraɗi ce, tana ɗinki a wani shago a Sultana, mijinta direba. Cikin fari, wata huɗu, ta rame sai idanu, komai ta ci ya dawo. Ta bi ni sama kwashe shanya, sai na waiga. Ta tsaya kan duroman nan tana haɗiyar yawu.

"Hajiya, wagga rama ce nika gani? Wallahi tun da cikin ga ya shiga ita nika mafarki."

To wa zai hana mai ciki abin da ranta ya biya? A garinmu ko a gonar maƙiyinka ta gani sai an tsinko mata. Ga ramar ta kai gwiwa, daidai lokacin tsinke kai. Haka Inna take yi, haka nake yi duk shekara: a tsinke kan, ta yi rassa, ta yi ganye, ta cika wuri. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ban bar ko guda ba, ina ma jin daɗi na rage wa Sundus aiki.

Na dafa, na matse, na daka ƙuli-ƙuli da barkono da albasa. Yarinyar nan ta ci tana kuka tana dariya, wai kamar tana tsakar gidansu. Ni ma na ji haka. Muka baje a ƙasan kicin muna hirar damina da ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari, abin da 'ya'yana ba su san shi ba. Kuma kwaɗon bai dawo mata ba. Rabon da in yi yini mai daɗi haka na manta.

Litinin, 22 ga Afrilu

Na yi ɓarna ashe.

Da safe Sundus ta hau, na ji ta ƙwala mini kira. Na same ta tana bin duroman tana taɓa kawunan. "Lesh, ya Ummi? Lesh?" Wai don me. Na ce me ya faru, gyara na yi miki. Ta ce wanda aka tsinke wa kai ya gama tsawo, sai rassa, zaren rassa kuma guntaye ne, ba ya aiki. Dogon kara miƙaƙƙe take so, shi ya sa ta cunkusa su tun farko.

Na ce to ina na sani? Ramar da na sani ta ci ce. Ta igiya maza ke nomawa, ban taɓa ganin ta a tsaye ba sai a dami. Da kin faɗa mini. Ta ce ita ma ina ta san ana cire wa shuka kai. Gaskiyarta. Ba ta taɓa tsayawa ta ga ina yi ba.

Ta ce, "Halas," wato shi ke nan, ta ɗauki jakarta. Ko shayi ba ta sha ba.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Ni da Sundus gaisuwa kawai. Abu Walid ya ce in ba ta haƙuri. In ba 'yar da na haifa haƙuri don na ciyar da mai ciki?

Asabar, 4 ga Mayu

Na ba ta haƙurin. Ba da baki ba, kwalbar na ɗauko na ajiye mata a kan littattafanta.

Mun tuge na duroma biyar ɗin, na shanya ganyen, muka sake shuka da sauran irin duka. Sai da na buga gindin kwalbar a tafin hannuna, babu ko ƙwaya. Na baho na hana a taɓa. Masu rassan nan su za su ba ni irin baɗi, rassa ai ba sa hana 'ya'ya. Sundus ta ce zafi ya matso, Abu Walid ya sayo koriyar raga ya ɗaura don inuwa, yana haki yana cewa bai yi ritaya don ya zama ɗan ƙodago ba. Ragar ta rufe duroman, ba ta kai kusurwar da bahon yake ba. Na ce a ƙaro, ya ce gobe.

Na yi wa yarinyar alkawari, ko ganye ɗaya ba zan tsinka ba. Ta ce in rantse. Ji mini 'ya.

Laraba, 26 ga Yuni

Mun dawo daga Jidda. Yayar Abu Walid ta rasu washegarin babbar salla, muka yi zaman makoki. Allah ya gafarta mata, ita ta koya mini Larabcin kasuwa sa'ad da na zo ban san ko "kam", wato nawa, ba.

Ko mayafi ban cire ba na hau sama. Na duroman suna nan, sun yi laushi amma da ransu. Na baho sun ƙone ƙurmus. Na murza ganye ya zama gari. Sundus ta rantse safe da yamma take ba su ruwa, wai iskar zafi aka yi kwana da kwanaki wadda ko tsuntsu ba ya fita, ga injin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na maƙwabta yana huro musu wuta ta wannan kusurwar. Na yarda da ita. Na dai fi yarda da a ce nata ne a kusurwar da ta san yadda ta yi.

Ban yi wa Abu Walid maganar raga ba, mutum yana cikin rashi. Shi ma bai hau ba.

Kwalba babu komai, baho babu komai. Duk abin da ya rage na Inna a duniya yana cikin duroman Sundus, kuma na yanka ne.

Alhamis, 27 ga Yuni

Na kira ƙanena Maigandi a gida. Na ce ya nemo mini jar ramar gidanmu ya ba wani mai zuwa umara. Ya yi dariya. "Yaya Laure, wace fadama? Gidajen bulo ne a wurin yanzu. Igiya kuwa ta roba kowa ke saya." Ya ce rama tana nan a kasuwa, fara, ta 'yan lambu, amma irin ta Inna tun rasuwarta bai ƙara gani ba. Matarsa ma ba ta san da ita ba. Kuma wai ko ya samu, a filin jirgi za a karɓe.

Ashe ni kaɗai nake riƙe da ita duk shekarun nan ban sani ba. Da na sani ko da na fi tsoro.

Talata, 30 ga Yuli

Sun wuce kaina. Miƙaƙƙu, jajaye, ba reshe ko ɗaya, in iska ta taso su kwanta tare su tashi tare. Wallahi ban san ramata tana da wannan tsawon a jikinta ba. Shekara talatin ina danne ta.

Abu Walid ya hau yau, ya dubi ganyen mai yatsu ya ce, "Ummu Walid, ki sa labule kafin maƙwabta su kira mana shurɗa." 'Yan sanda ke nan. Ba ya rabo da tsokana.

Sundus kullum bayan asuba tana sama da abin awonta. Ni ina ban ruwa, ita tana rubutu. Tambaya kuwa kamar 'yar jarida. Kwana nawa Baffa yake jiƙawa? Ruwan yana gudu ko a tsaye yake? Na ce ban sani ba, yarinya ce ni, wari kawai na sani. Sai ta koma tambayar Baffan kansa, dogo ne, yana da faɗa? Jiya har ta makara.

Asabar, 14 ga Satumba

Sunan Safiyyatu. Namiji, ƙato, kai cike da gashi. Ta ɗora mini shi a cinya ta ce wa matan wurin, "Ga ɗan rama." Na yi dariya na ce su dai kada su faɗa a gaban autata.

Laraba, 9 ga Oktoba

Fure ya fito. Ruwan ƙwai mai haske, cikinsa ja kamar an ɗiga jini. Da safe ya buɗe, kafin la'asar ya rufe. Duk shekara ranar furen fari ranar murna ce a wurina. Bana gabana ne ya faɗi.

Sundus ta ce yanzu ne lokacin yanka, in aka bari ya yi 'ya'ya zaren ya tsufa, ga shi kuma lokacin miƙa aiki yana matsowa. Ita ce da kanta ta ce, "Durom ɗaya naki ne, Ummi, lil buzur." Na iri ke nan. Ta ce ta yi lissafi huɗu za su ishe ta. Na zaɓi na kusa da tanki, ya fi ƙarfi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mun yanke huɗu. Muka zage ganyen, muka ɗaure dami-dami. Na kwashe ƙasar bahon na wanke shi, muka cika da ruwa muka danne da bulo. Ƙaiƙayi har cikin wuya. Na cika firiza da ganye, na aika wa Safiyyatu leda biyu.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Warin ya iso. Abu Walid ya ce zai koma masallaci da kwana. Ni kuwa na ɗauki kujera na zauna kusa da bahon har rana ta yi zafi. Shi ne, sak na kududdufinmu.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ɓawon ya saki. Ka kama daga gindi ka ja, ya saɓule kamar an tuɓe riga. Muka wanke, muka shanya a igiya, ya bushe ya yi fari-fari yana sheƙi. Karan cikin ma ba ta yar ba, wai za a niƙa shi a haɗa, shi ne ke tare zafin.

Na ɗebi kaɗan na ce bari in nuna mata tufkar Baffa. Na zauna na ɗage zani na murza a ƙwauri. Abin ya ƙi. In na murza wannan ɗayan ya warware, ga fata tana zafi. Abin da na fitar ko kaza ba zai ɗaure ba, wani wuri kauri wani wuri kamar zai tsinke. Sundus ta kwanta a ƙasa don dariya, ta ɗauki hoto ta tura wa yayanta Walid a Riyad. Ido ya gani shekara da shekaru, hannu bai taɓa yi ba. Ta karɓe guntun ta warware ta mayar cikin sauran, wai kowane zare da amfaninsa. Rowa!

Talata, 5 ga Nuwamba

Kwana biyu ke nan Sundus abinci sai ta juya cokali ta tashi. Yau ina ninke kaya a falo na ji ta a waya da ƙawarta Afnan. Tana zaton in ta yi sauri da Larabci ba na kamawa. Na kama sarai.

Zaren bai kai ba. Da ya bushe ya rage nauyi fiye da lissafinta. Allo biyu ya fitar, duktura kuwa ta ce gwaji ba ya karɓuwa sai da uku iri ɗaya, daga shuka ɗaya. In babu na uku sai dai ta ɗage aikin zuwa baɗi, 'yan ajinsu su fita su bar ta. Kuma in za a jiƙa wani, a makon nan ne, in ya wuce ba zai bushe a kan lokaci ba. Afnan ta faɗi wani abu, na ji Sundus ta ce, "La, hada hagg Ummi." Wannan na Ummi ne. Ta ce kada ma a sake tayar da maganar.

Da ta fito ta gan ni ta yi murmushi, ta ce me za a dafa.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na ɓare ƙwanso ɗaya daga duromina. Kore shar. 'Ya'yan ciki farare, na matsa da farce ruwa ya fito. Suna bukatar wata guda, ko fiye. Na ɓare wani daga can ƙasa ko ya fi ƙwari. Duk ɗaya.

Na ce ko in bar kara biyu in yanke sauran? Na leƙa takardar awonta da ta bari a kan tanki, na tura wa Walid hotonta, na kira shi ya karanta mini lissafin ba tare da na gaya masa dalili ba. Ko da duromin gaba ɗaya da ƙyar zai kai.

Ina ta tuna ranar da Inna ta ƙulla mini irin nan. Ba wata doguwar magana ta yi ba. Tana ƙullawa tana faɗa, wai an ce ƙasar Larabawa ba ganye sai nama da shinkafa, kada in je cikina ya ƙulle. Shi ke nan. Ba ta ce in adana mata ba, ba ta ce amana ba ce. Ni na mai da shi haka, da na ga ba ni da kowa a nan sai shi. Ranar da aka bugo waya ta rasu ban samu zuwa ba, sama na hau na zauna cikin ramar nan har magariba.

Ina son abin nan. Ba na jin kunyar faɗa, ina son shi kamar mutum.

Kuma shekara guda ta yarinya ba wasa ba ce. Ni na tsinke kawunan farko.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ta fita jami'a da safe. Na ɗauki wuƙar kicin na hau. Na yi bismilla. Ban tsaya kallo ba, na san in na tsaya ba zan yi ba. Na tsinke ƙwansunan na zuba a tire, na zage ganye, na ɗaure, na danne a baho. Kafin azahar na gama na yi wanka.

Da ta dawo ta hau, ta daɗe. Na zaci godiya za ta sauko da ita. Ina! Ta sauko fuska jiƙe tana faɗa, wa ya ce in yanke, ita ta roƙe ni? Da ta jira baɗin, shekara ɗaya mece ce, yanzu ta ina za ta biya ni? Na ce ban sa miki kuɗi ba. Ta ce sau biyu ke nan ina taɓa ramar nan ban tambaye ta ba. Na ce ramar uwata ce, in tambayi wa?

Sai ta zauna a ƙasa ta kifa kai a gwiwata. Nauyi gare ta yanzu. Muna nan a haka Abu Walid ya shigo ya ce ko mutuwa aka yi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ƙwansunan suna tire a inuwa. Wa ya sani.

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

An karɓi aikin. Ta ci, har duktura ta ce a ajiye allo biyu a jami'a a riƙa nuna wa na baya. Na ukun ta kawo mini. Bai fi tafin hannu biyu ba, ruwan ƙasa, ba nauyi, in ka duba da kyau kana ganin zaren a kwance a ciki. Ta ce in sa hannu a bayansa, ta kunna abin busar da gashi a gabansa. Ban ji zafi ba. Na ce masha Allah, kuma har zuciyata na faɗa.

Da ta fita na shinshina shi. Ba ya warin komai.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na gwada 'ya'yan tiren nan a baho bayan na mayar da ƙasarsa tun farkon wata, duk sun motse kamar ƙwarin shinkafa. Kullum ina tona gefe da yatsa. Yau na daina.

Talata, 4 ga Maris

Azumi huɗu. Sundus ta shigo da wata 'yar leda mai rubutu, irin til ne, ramar tasu ta nan, duktura ta samo mata ta hannun masu binciken noma, wai asalinsa daga Masar. Za ta ci gaba da karatu a kan abin, tana son ta gwada yin allo babba. Ta shuka duroma biyar ɗin ita kaɗai, cunkus. Ta ce, "Ummi, ta'ali shufi." Wai in zo in gani. Na ce ina da aiki a kicin.

Na gaya mata tun wuri, wannan ba ruwana da ita. Ba ta gidanmu ba ce, ban san uwarta ba ban san ubanta ba. Ta shuka abinta ta ba shi ruwa.

Talata, 8 ga Afrilu

Shanya ta kai ni sama, ba wani abu ba. Sun kai gwiwa. Koraye ne har ƙafa, ba ja ko kaɗan, ganyen ma ya fi faɗi. Yarinyar nan ta fita da sauri ba ta ba su ruwa ba, ƙasar ta tsage. Ruwan da ya rage a bokitin wanki na zuba musu, don kada ya tafi a banza. Sai na ga bai kai ko'ina ba, na jawo tiyo.

Na tsinki ganye ɗaya. Na ƙasa, ba kai ba. Na tauna. Lami, tsamin sai ka nema. In aka yi kwaɗo da wannan sai an matsa lemo.

Ko da yake ta Inna ma, in ban manta ba, shekarar farko da ta zo garin nan haka ta yi sanyi-sanyi, sai da ta shekara uku tana shan ruwan Madina kafin bakinta ya dawo. Ba cewa na yi zan ajiye irin wannan ba. Na dai yagi tsumma na ɗaura wa guda biyar na kusa da tanki, don kada yarinyar nan ta zo da wuƙarta a watan Oktoba ta share duka.